Yadda ake tafiyar da muhawarar sauya tsarin adana tarihin manhaja a buɗaɗɗen aiki

A kusan kowane aikin buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya ganin rubutunta ya ba da gudummawa, da ya kwana biyu, akwai ranar da wani daga cikin masu ba da gudummawa zai ɗago maganar cewa lokaci ya yi da za a bar tsarin da ake adana tarihin rubutun manhajar da shi, a koma wani. A yau maganar galibi ita ce a bar Subversion ko Mercurial a koma Git, kamar yadda a farkon shekarun 2000 ake ta kiran a bar CVS a koma Subversion. Da zarar an furta wannan magana sai jama'a su rabu gida biyu, tsofaffin hannu suna cewa abin da ke akwai bai lalace ba, sababbin shiga suna cewa sun gaji da shi, a kwashe watanni ana ka-ce-na-ce har a gaji a yi shiru, bayan shekara guda kuma wani ya sake tono zancen daga farko. Wannan bayani na wanda nauyin jagorantar irin wannan muhawara ya faɗo a kansa ne, kuma yana so ta kai ga hukunci, ko na ƙaura ko na zama.

Kafin a yi nisa, yana da kyau a daidaita kalmomi. Wurin da ake tara fayilolin aikin tare da tarihinsu shi zan kira rumbu. Duk sauyin da wani ya rubuta a cikin tarihin, tare da sunansa da lokaci da ɗan bayanin dalili, shigarwa ce. Reshe shi ne layin aiki da aka ware daga babban layi don a yi wani abu a gefe, haɗewa kuma ita ce dawo da shi. CVS da Subversion suna da rumbu guda ɗaya a kan sabar, kowa sai ya je can ya shigar da aikinsa, amma a Git da Mercurial kowane mai aiki yana riƙe da cikakken tarihin a kwamfutarsa, yana shigarwa ba tare da intanet ba, daga baya ya tura.

A raba tambayar gida uku

Babban abin da ke lalata wannan muhawara shi ne mutane suna amsa tambayoyi daban-daban alhali suna zaton tambaya ɗaya suke amsawa. Akwai tambayar kayan aikin kansa, wato Git ko Mercurial ko wanda ake kai yanzu. Akwai tambayar masauki, wato ko aikin zai ci gaba da riƙe sabarsa ko zai koma wani dandali kamar GitHub ko GitLab. Akwai kuma tambayar yadda ake karɓar gyara daga mutane, ko ta hanyar aiko da faci, wato fayil mai ɗauke da sauyin da aka yi, a imel, ko ta shafin da ake duba gyara ana yin sharhi a kai. Mutumin da ke cewa ba ya son Git, idan ka zauna da shi ka saurare shi da kyau, sau da yawa za ka tarar abin da yake gudu shi ne a miƙa aikin ga dandalin da wani kamfani ke mallaka, musamman tun da Microsoft ya sayi GitHub a 2018. Wanda ke matsa lamba a koma Git kuwa, mai yiwuwa abin da yake so kawai shi ne sauƙin aiko da gyara.

Manyan ayyuka da suka bi wannan hanya sun raba tambayoyin a fili. PostgreSQL ya bar CVS ya koma Git a 2010, amma ya ci gaba da karɓar faci ta imel kamar da. OpenJDK ya rubuta takardu biyu daban, JEP 357 don barin Mercurial a koma Git, da JEP 369 don komawa GitHub. Python ya kai rumbunsa GitHub a 2017, amma rahotannin kurakurai sun ci gaba da zama a tsohon wurinsu har zuwa 2022. Da Mozilla ta sanar a Nuwamban 2023 cewa Firefox zai bar Mercurial ya koma Git, ta bayyana cewa Bugzilla, inda ake kai rahoton kurakurai, da Phabricator, inda ake duba gyara, suna nan daram. Saboda haka aikinka na farko shi ne ka rubuta tambayoyin uku a saman takardar muhawara, ka faɗi wadda ake tattaunawa yanzu, kuma duk wanda ya kawo hujjar masauki a lokacin da ake maganar kayan aiki, a karɓi hujjarsa a ajiye ta inda ta dace.

A fara da inda ke yi wa mutane ciwo

Kada ka buɗe muhawara da tambayar wane tsari ya fi wani, domin wannan tambaya ba ta da ƙarshe, kuma kowa yana da jerin hujjojinsa a aljihu. Ka nemi kowa ya faɗi wani abu da ya yi ƙoƙarin yi a cikin wannan aikin a watannin baya, tsarin da ake kai ya hana shi ko ya wahalar da shi. Amsa mai amfani tana kama da wannan: wani da ba shi da izinin shigarwa ya yi mako uku yana gina wani sabon ɓangare, bai da inda zai adana matakan aikinsa, a ƙarshe ya aiko da faci guda mai layi dubu biyu wanda babu wanda ya iya dubawa. Ko kuma mai kula da tsohuwar sigar manhajar yana ɓata yini guda duk lokacin da zai ɗauko gyaran tsaro daga babban layi zuwa reshensa. Irin waɗannan za a iya auna su. Amsar da ta tsaya a kan cewa tsarin ya tsufa, ba ta ba ka abin da za ka riƙe ba.

Masu Python sun bar kyakkyawan misali a nan. A takardar PEP 374, inda suka kwatanta Bazaar da Git da Mercurial, sun zayyana ayyukan yau da kullum kamar ɗauko manhajar don yin gyara guda, da duba facin wani, da janye sauyin da ya ɓata abu, da mayar da gyara zuwa tsohuwar siga, sannan suka nuna umarnin da mutum zai buga a kowane tsari. Ku yi irin wannan da ayyukanku, guda biyar ko shida sun isa. Abin da ke faruwa idan an yi haka shi ne rabin hujjojin da ake ta tayar da jijiyar wuya a kansu sai su zube da kansu, saboda an ga cewa a aikin da ake yi kullum bambancin bai taka kara ya karya ba, sauran rabin kuma su fito fili kowa ya gan su.

Akwai hujja guda da tsofaffin hannu suka saba rainawa, wato cewa Git ne kowa ya sani. Ana yi mata kallon bin yayi, amma ni a ganina tana daga cikin hujjoji mafiya nauyi, domin buɗaɗɗen aiki yana rayuwa ne da mutanen da babu mai biyan su, kuma duk abin da za su koya kafin su aiko da gyaransu na farko yana korar wasu daga cikinsu tun daga bakin ƙofa. Bayan mutane akwai kayan aikin da ke kewaye da tsarin. A 2019 dandalin Bitbucket ya sanar cewa zai daina ɗaukar rumbunan Mercurial, kuma ya cire su a Yulin 2020, lamarin da ya tilasta wa ayyuka da yawa neman sabon masauki cikin gaggawa. PyPy na cikinsu, ya koma dandalin Heptapod, sannan a ƙarshen 2023 ya koma GitHub. Emacs ya koma Bazaar a ƙarshen 2009, kuma daga cikin dalilan har da kasancewar Bazaar manhajar GNU, shirin da Emacs ma yake ƙarƙashinsa, amma da aikin bunƙasa Bazaar ya ja baya, sai da aka sake wata ƙaurar zuwa Git a Nuwamban 2014. Ƙaura biyu cikin shekara biyar wahala ce da ya kamata kowa ya tuna da ita kafin ya zaɓi tsari saboda aƙida kaɗai.

Duk da haka, a ba masu son zama haƙƙinsu cikakke. OpenBSD har yau da CVS yake aiki, kuma yana fitar da sabuwar siga duk wata shida. SQLite yana amfani da tsarin Fossil, wanda D. Richard Hipp ya rubuta domin bukatunsa. Waɗannan ayyuka ne da ke da ƙaramin rukuni na masu shigarwa waɗanda suka san juna kuma suka gamsu da yadda suke aiki. Idan aikinku haka yake, kuma jerin ciwon da kuka tara bai wuce layi biyu ba, to zama hukunci ne mai daraja. Masu gudun dogaro da kamfani ma suna da tarihi a bayansu, domin shi kansa Git an haife shi ne a Afrilun 2005 bayan an janye izinin amfani da BitKeeper kyauta, tsarin wani kamfani wanda masu aikin Linux suka dogara da shi tun 2002. A ɗaya ɓangaren kuma riƙe sabar da kanku yana da nasa haɗarin: a Maris na 2021 an cusa wa rumbun PHP shigarwa biyu masu cutarwa, abin da ya sa masu aikin suka daina amfani da sabarsu suka mayar da GitHub babban rumbu.

A rubuta abin da za a rasa

Wanda ke son ƙaura ba ya cika tuna abin da tsohon tsarin ke yi masa a ɓoye, don haka wannan jerin masu adawa ne suka fi iya rubuta shi, kuma ya kamata ka roƙe su su rubuta. Na farko da ya fi damun mutane shi ne lambar shigarwa. A Subversion kowace shigarwa tana da lamba mai hauhawa, ta yadda idan aka ce an gyara kuskure a r4512 kuma kai kana kan r4600, ka san gyaran yana wurinka ba tare da ka duba komai ba. A Git sunan shigarwa jerin haruffa da lambobi ne guda 40, kuma ba za ka gane wacce ta riga wata ta kallon sunayen ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma manyan ayyuka sun nema mata mafita. FreeBSD, wanda ya koma Git a Disamban 2020, yana ƙirga yawan shigarwa a reshe ya nuna adadin a bayanin siga. WebKit, da ya koma a 2022, ya ƙirƙiro wata alama mai lamba da sunan reshe don a ci gaba da sanin jeri.

Sauran abubuwan sun danganta da irin aikin. Subversion yana ba mutum damar kulle fayil don kada wani ya taɓa shi a lokaci ɗaya, abin da ke da muhimmanci ga hotuna da sauti da zane waɗanda ba a iya haɗe gyaran mutum biyu a cikinsu. Yana kuma ba da damar a ce wane yana da izinin rubutu a wannan folda kawai, alhali a Git izini yakan shafi rumbu ko reshe ne gaba ɗaya. Git ba ya adana folda marar komai a ciki, kuma ba ya rubuta cewa an sauya wa fayil suna, yana gano hakan ne ta kamannin abin da ke ciki. Idan rumbunku na janyo wasu rumbuna ta svn:externals, ko yana cusa lambar siga a cikin fayiloli ta svn:keywords, to kowanne sai an yanke abin da zai maye gurbinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa ya hana ƙaura shi kaɗai, amma duk wanda aka gano bayan an riga an koma, sai ya zama abin gori na shekaru.

Gwajin juya tarihi

Nan ne ya kamata a zuba mafi yawan ƙarfi, domin gani ya kori ji. Kafin a kai ga yanke hukunci, wani ya ɗauki kwafin rumbun ya juya shi zuwa sabon tsarin, ya ajiye inda kowa zai iya ɗauka ya gwada. Akwai kayan aiki da aka daɗe ana amfani da su: git svn ga ƙananan rumbuna masu tsari, svn-all-fast-export wanda masu KDE suka yi amfani da shi, cvs2git ga masu CVS, hg-fast-export ga masu Mercurial, da reposurgeon na Eric Raymond ga tarihin da ya cakuɗe. Juyin farko ba zai yi kyau ba, kuma ba a sa ran ya yi. Amfaninsa shi ne ya nuna muku abubuwan da ke binne a tarihinku waɗanda babu wanda ya san da su.

Abu na farko da za a ci karo da shi shi ne sunayen mutane. Subversion da CVS gajeren sunan asusu kawai suke rubutawa, Git kuwa yana bukatar cikakken suna da adireshin imel ga kowace shigarwa, don haka sai an zauna an haɗa jadawali, layi ɗaya ga kowane asusu da ya taɓa shigar da wani abu. Aikin yana kama da mai sauƙi har sai ka tarar da asusun wanda ya bar aikin shekara goma sha biyar da suka wuce, ko mutum ɗaya mai asusu uku, ko wanda ya sauya suna kuma ba ya son tsohon ya bayyana. A tambayi waɗanda za a iya samu yadda suke so a rubuta su. Akwai kuma gyare-gyaren da mutanen waje suka aiko wani mai izini ya shigar musu, inda sunan ainihin marubucin yana cikin bayanin shigarwa ne kawai. Git yana rarrabe wanda ya rubuta da wanda ya shigar, saboda haka wannan dama ce ta mayar wa mutane haƙƙinsu idan akwai mai haƙurin bi.

Na biyu shi ne siffar tarihin kansa. CVS yana riƙe tarihin kowane fayil daban, ba shi da masaniyar cewa fayiloli goma an sauya su tare, don haka mai juyawa yana hasashen shigarwa ne ta duba suna da bayani da kusancin lokaci, kuma hasashe yakan kauce. A Subversion reshe da alamar siga, wato sunan da ake maƙala wa sigar da aka fitar, duk kwafin folda ne, wanda ke nufin mai yiwuwa wani ya taɓa yin gyara a cikin alamar siga bayan an fitar da ita, ko ya ware reshe daga rabin bishiyar fayiloli. PostgreSQL ya tsayar da ranar ƙaura a Agustan 2010, amma aka ga tarihin da aka juya bai fito daidai ba, aka dakata aka gyara, sai a Satumba aka kammala. GCC, mai shigarwa kusan 280,000 a Subversion, ya ɗauki shekaru ana shiri kafin ya koma Git a Janairun 2020, har sai da aka sake rubuta reposurgeon daga yaren Python zuwa Go don ya iya ɗaukar nauyin. Aikinku mai yiwuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba, amma irin matsalolin ɗaya ne.

Hanyar tabbatar da ingancin juyi a fili take, ko da yake tana da gajiyarwa. A ɗauki kowace siga da aka taɓa fitarwa, a ciro fayilolinta daga tsohon rumbu da sabon, a kwatanta su fayil bayan fayil, kuma duk bambancin da ya fito a san dalilinsa. A yi haka ga kan kowane reshe mai rai. Sannan a zaɓi wasu tsofaffin fayiloli a duba ko bayanin wanda ya rubuta kowane layi ya yi daidai da na da. A kula sosai da ƙarshen layi, domin Windows yana rufe layi da alama biyu, Linux da sauran danginsa da alama ɗaya, kuma idan aka yi sakaci sai fayil gaba ɗaya ya bayyana kamar an sauya kowane layinsa. Wannan ƙaramin abu yana cikin abubuwan da suka jinkirta Python, wanda ya zaɓi Mercurial a Maris na 2009 amma bai koma ba sai Maris na 2011.

Kada a manta da tsofaffin lambobin shigarwa da ke warwatse a ko'ina: a bayanan shigarwa, a rahotannin kurakurai, a sharhin da ke cikin rubutun manhajar. Wata rana wani zai karanta layin da ke cewa an janye abin da r1873 ya kawo, kuma zai so ya ga mene ne r1873 ɗin. A saka tsohuwar lambar a ƙarshen bayanin kowace shigarwa da aka juya, ko a ajiye jadawalin da ke haɗa tsohuwa da sabuwa a wurin da ba zai ɓata ba. Haka kuma idan akwai manyan fayiloli da aka taɓa shigarwa bisa kuskure, ko kalmar sirri da ta shiga tarihi, yanzu ne lokacin cire su. A Git sunan kowace shigarwa ya dogara da duk waɗanda suka gabace ta, don haka gyaran tarihi bayan mutane sun riga sun ɗauki kwafi yana sauya sunayen duka, ya jefa kowa cikin ruɗani. A auna girman sabon rumbun da lokacin ɗaukarsa a faɗa wa jama'a, kamar yadda JEP 357 ya nuna cewa tarihin JDK, manhajar da OpenJDK ke ginawa, ya kai kimanin gigabait 1.2 a Mercurial amma kimanin megabait 300 a Git.

Wa zai yi aikin, wa zai yanke hukunci

Rumbu ba shi kaɗai yake tsaye ba. Akwai na'urorin da ke gina manhajar suna gwada ta duk lokacin da aka shigar da sauyi, da shirye-shiryen fitar da siga, da saƙonnin da ake aikawa kai tsaye bayan kowace shigarwa, da takardun koyar da sababbin shiga, da masu shirya manhajar don rarrabawa waɗanda ke ɗauka daga rumbunku kai tsaye. Akwai masu fassara da masu rubuta takardun bayani, waɗanda suka haddace umarni uku ko huɗu kawai, kuma su ne aka fi mantawa da su a wannan muhawara alhali su ne sauyin ya fi girgizawa. A jera waɗannan duka, a rubuta sunan mutum a gaban kowanne. Duk layin da ba shi da suna a gabansa, ba za a yi shi ba. Idan mutum goma sha biyu suna goyon bayan ƙaura amma babu ɗaya da ya ce zai ɗauki juyin tarihin, to muhawarar ta riga ta ba da amsarta na wannan lokacin, kuma gara a faɗi haka a fili.

Game da yanke hukunci, a bayyana tun ranar farko wanda ke da maganar ƙarshe da kuma ranar da za a rufe tattaunawa. Jin ra'ayin jama'a yana da amfani, kuma GNOME ya yi hakan kafin ya koma Git a 2009, amma ƙuri'ar da kowa ke jefawa da nauyi ɗaya tana da aibi, saboda wanda ya aiko da gyara sau ɗaya a shekara da wanda ke haɗe rassa kullum ba su da asara iri ɗaya. A Python, Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri yaren, shi ne ya zaɓi Mercurial a 2009 bayan an gama kwatance, daga baya kuma aka ɗora wa Brett Cannon, ɗaya daga cikin masu riƙon aikin, alhakin zaɓen sabon masauki, ya saurari masu GitLab da masu GitHub, ya sanar da GitHub a farkon 2016. Abin koyi a nan shi ne mutum ɗaya ko ƙaramin kwamiti da aka amince da shi ya karanta komai, ya yanke, ya rubuta dalilansa har da hujjojin ɓangaren da bai yi nasara ba. Mutum yakan haƙura da hukuncin da bai so ba idan ya ga an fahimci abin da ya faɗa.

A lokacin tattaunawar, ka riƙe takarda guda da kake sabuntawa, mai ɗauke da kowace hujja da amsar da aka ba ta. Idan wani ya maimaita abin da aka riga aka tattauna, a nuna masa wurin cikin ladabi, a tambaye shi ko yana da sabon abu. Ka kuma lura da tsofaffin masu riƙon aikin da suka yi shiru, ka tuntuɓe su ɗaya bayan ɗaya, domin wani ba zai fito ya ce yana jin nauyin komawa ɗalibi a aikin da ya gina da hannunsa ba, sai dai ka ga ya janye a hankali bayan an koma. Tayin zama da shi na awa biyu a bi ayyukansa na kullum a sabon tsarin ya fi duk wata hujja tasiri.

Sau da yawa wani zai kawo shawarar sulhu, cewa a bar babban rumbu inda yake a yi masa madubi a Git, wato kwafin da ke bin duk sauyin da aka yi a cikinsa. Madubin da ake karantawa kawai abu ne mai kyau, kuma LLVM da FreeBSD sun yi shekaru a haka kafin su koma gaba ɗaya. Wanda nake ba da shawarar a guje masa shi ne a bar mutane suna shigarwa ta ɓangarorin biyu ana daidaitawa, domin ranar da gadar ta karye babu wanda zai iya cewa wane rumbu ne na gaskiya. Idan kuma hukuncin ya zama na zama, a rubuta sharuɗɗan da za su sa a sake buɗe maganar, misali idan masaukin ya daina tallafa wa tsarin, ko idan an sami wanda zai yi juyin, don kada a dawo da zancen duk bayan wata shida.

Ranar ƙaura

Ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi lokaci jim kaɗan bayan fitar da siga, sa'ad da rassan da ke buɗe suka yi ƙaranci, a sanar da ranar makonni kafin ta zo, a roƙi kowa ya shigar da abin da ke hannunsa ko ya ajiye shi a matsayin faci. Juyin da za a yi a ranar ya kasance shiri ne da aka riga aka gudanar sau da dama daga farko zuwa ƙarshe, ba tare da wani mataki da ya dogara da tunawar mutum ba. A mayar da tsohon rumbu na karatu kawai, a gudanar da juyin, a maimaita kwatancen sigogin, sannan a buɗe sabon. A amince tun da wuri da abin da zai sa a fasa a koma baya, kuma a yanke wannan kafin kowa ya shigar da komai a sabon rumbun, saboda bayan shigarwar farko komawa baya ya zama wata ƙaurar.

Kafin a ba kowa izinin turawa, a kulle babban reshe don kada wani ya sake rubuta tarihinsa da turawar dole, a kuma faɗi ko ana karɓar shigarwar haɗewa ko ana son tarihi miƙaƙƙe kamar yadda PostgreSQL da LLVM suka zaɓa. A rubuta shafi guda da ke nuna tsohon umarni da wanda ya maye gurbinsa, bisa ayyukan nan biyar ko shida da aka zayyana tun farkon muhawara. A makonni biyu na farko wani ya kasance a shirye ya amsa tambayoyi cikin sauri, kuma kurakuran da za a yi a lokacin a gyara su ba tare da tsangwama ba. Tsohon rumbun kuma kada a goge shi. A bar shi a buɗe don karatu, a ajiye cikakken kwafinsa a wuri biyu tare da jadawalin sunaye da na lambobi da shirin da aka yi juyin da shi, domin wanda zai zo neman asalin wani layi bayan shekara goma zai bukace su duka.